Jan Fensir da Farin Ƙyalle

A Kaduna, inda na koyi aikin rediyo, abu na farko da ake miƙa wa sabon mai fassara labarai shi ne jan fensir. Aikinsa guda ne. Ka bi takarda layi-layi, duk kalmar da za ta iya sa wani ya tashi daga gaban akwatin rediyo ransa a ɓace, ka ja mata layi. Mun ga abin da magana ta jawo a garuruwan Arewa kafin a soma yaƙin basasa, saboda haka babu wanda ya ɗauki wannan horo da wasa. Ni kuwa na iya shi fiye da yawancin abokan aikina. Akan ba ni jawabin mai fushi, in mayar da shi jawabin mai haƙuri, kuma wanda ya yi jawabin ba zai iya nuna inda na yi masa ƙarya ba.

Da aka raba jihohi, Yola ta faɗa cikin Jihar Arewa maso Gabas, hedkwata a Maiduguri, sai aka turo ni gida in riƙa aika labaran lardi. Na zauna a Dubeli, cikin Jimeta, a gidan da mahaifina ya bari, tare da mahaifiyata da iyalina. Kakanninmu Kanawa ne, ɗinki ya kawo su, amma a nan aka haife ni, Fulatanci kuma a bakin titi na tsince shi. Kullum da safe nakan hau babur in shiga cikin Yola, in zaga ofisoshin En'e, in dawo Jimeta kafin azahar in buga waya.

Mu 'yan ɗarika dattawa biyu ne ke riƙe da mu. Na farko Modibbo, Bafulatanin Yola, siriri, mai magana a hankali. Shi ne muƙaddaminmu, zawiya tana ƙofar gidansa. Yana jin Hausa sarai, amma da Fulatanci yake magana in ba dole ba. Na biyu Goni, Babarbare, mahaddacin Alƙur'ani, mai sayar da kanwa da banda a kasuwar Jimeta. Shi ke jan wazifar kullum a ƙaramin masallacinmu na Dubeli. Ranar Juma'a kuwa, bayan la'asar, mutanen Jimeta mukan cika motar kaya guda mu tafi Yola, a yi zikiri, a yi magariba, a yi wazifa tare.

Idan wazifa ta kusa ƙarewa akan shimfiɗa farin ƙyalle a tsakiyar da'ira. Namu dogo ne. Goni ya kawo yadin daga Kano shekarar da aka sami mulkin kai, mahaifina ya kalmashe bakinsa da hannu. Bayan addu'a Modibbo yakan kama gefe ɗaya, Goni ya kama ɗayan, su riƙa ninkewa suna matsowa har hannuwansu su haɗu. Ba wanda ya taɓa cewa doka ce. Haka dai muka saba gani.

Abin da muka kuma saba ji shi ne gaisuwarsu. Da Goni ya sauko daga mota, Modibbo zai ɗaga kai daga kan buzunsa.

"Ga bawana ya iso. Kolejo, yau ma sai da aka gama share wuri ka zo?" Kolejo shi ne Babarbare a bakin Fulanin Adamawa.

"Fulata, na tsaya nema maka abinci ne," in ji Goni da Hausarsa ta Barno. "Dubi wuyanka. In iska ta taso, da wa za mu yi zikiri?"

"Ai warin banda ya riga ka sallama."

"Shi ya tashe ka. Tun safe ba ka ga komai ba sai tsamin nono."

Fulani da Barebari abokan wasa ne, kowa ya sani, ni ma na sani. Abin da ban sani ba shi ne nauyin abin da wasan yake ɗauke da shi. Na ɗauka ado ne, irin kiɗan da muke sakawa kafin labarai, wanda in lokaci ya ƙure ana iya cire shi ba a yi asarar komai ba.

Wani rani Goni ya tafi Kano saro kaya, ya zauna wata biyu a wajen malaman ɗarika, ya dawo yana kabalu, wato ɗora hannun dama kan na hagu a ƙirji lokacin tsayuwar sallah. Mu kuwa sadalu muka tarar, a saki hannuwa a gefe. Matasan 'yan kasuwa na Dubeli suka bi shi. Ba a daɗe ba maganar ta cakuɗe da wata. A Yola ana cewa, ai yanzu Maiduguri ke mulkinmu, har sallah ma Barebari ne za su koya mana. A Jimeta ana cewa mutanen Yola sun rungumi abin da suka gada ba su san dalilinsa ba. Wata Juma'a bayan an tashi, muryoyi suka ɗaga a bakin mota, har wani ya riƙe wuyan rigar wani. Dattawan biyu suka ninke ƙyalle kamar kullum, Modibbo ya ce, "Za mu zauna a kan wannan." Kafin Juma'a ta zagayo, ruwan fari ya sauka, kurkunu ya fito wa Goni a ƙafa, ya kwanta.

Ran Litinin na biya gaida Modibbo, kamar yadda nake yi in na shiga Yola.

"Kai mai labarai," ya ce, "tunda kullum kana kan hanya, ga saƙo. Ka ce wa bawan nan nawa na ji tsutsa ta kama shi. Ita ma ta rasa nama ne, ta shiga ƙafar Kolejo. Ka tambaye shi, wannan rungume ƙirjin da ya koyo a Kano, sanyi yake ji, ko tsoro yake kada a sace masa kanwa? Ban yarda da shi ba, kuma ina da hujjata. Ya warke ya zo da littafinsa, in kayar da shi gaban yaransa."

Da na fito na rubuta shi a littafin aikina, kalma-kalma, kamar yadda hannuna ya saba. A kan hanyar Jimeta, inda titi ke ratsa gefen tabkin Njuwa, akwai wata tsamiya. A nan na tsaya na sake karantawa. Na san zauren Goni cike yake da masu dubiya, kuma yawancinsu matasan nan ne. Na ga kalmar bawa, na ga sata, na ga kayarwa. Na tuna wuyan rigar da aka riƙe. Na ciro jan fensir.

Na tarar da Goni kwance, ƙafa a kan matashi, an naɗe kan tsutsar a tsinke, ana janta kaɗan-kaɗan kullum. Na durƙusa na ce, "Modibbo yana gaishe ka, yana yi maka sannu, yana fatan ka warke ka zo. Batun sallah kuma ya ce sai an zauna."

"Haka ya ce?"

"Haka, Baba Goni."

"Shi ke nan? Bai tambayi bawa ba, bai tambayi kanwa ba?"

"Ya damu da ƙafar sosai."

Ya dubi rufin zaure na ɗan lokaci. Sannan ya yi murmushi, kamar mai gwada ƙofa ko a kulle take.

"To, ka ce wa mai bin jelar saniya ban mutu ba, kada ya yi murna. Hannuwan da yake saki kamar mai jiran a miƙo masa ƙwaryar nono, ni ma ina da hujjata, littafi uku. Ya ci abinci kafin in zo, kada ya faɗi a ce ni na ture shi."

Matasan suka yi dariya, dariya mai kaifi, wadda ta ƙara tabbatar mini da cewa na yi daidai. Washegari na tsaya a gindin tsamiya. Abin da ya saura bayan fensir bai kai saƙo ba, sai na ƙara masa kaɗan. Na ce wa Modibbo, "Goni ya gode, yana samun sauƙi, ya ce yana girmama ka."

Modibbo ya daina jan carbi.

"Yana girmama ni," ya ce. "To, madalla. Ka ce masa ni ma ina girmama shi."

Daga saƙo na uku ban ƙara bukatar fensir ba. Modibbo yakan ce, "Ka gaida Malam Goni, Allah ya ba shi lafiya." Goni yakan ce, "Ka gaida Modibbo, Allah ya ƙara masa daraja." Shafukan littafina suka zama fes, babu ja ko ɗaya. Ina tuna daɗin da na ji a makonnin nan. Na ɗauka na kashe wuta.

Ƙafar ta warke kafin ruwan Binuwai ya janye, jiragen ruwa su daina zuwa. Goni ya koma rumfarsa, yana takawa da sanda, daga baya ya ajiye sandar. Amma ran Juma'a bai hau mota ba. Ya ce ƙafa ba ta son girgiza. Juma'ar gaba ya ce yana da baƙi daga Bama. Daga nan bai ƙara ba da dalili ba, ba a kuma tambaye shi ba. Motar da muke cikawa har wasu su rataya a baya ta koma rabi. A Yola, in an gama addu'a, Modibbo yakan kama gefen ƙyalle, ya ɗan jira, sai wani dattijo daga cikin maƙwabtansa ya taso ya kama ɗayan.

Mahaifiyata ce ta buɗe mini ido. Wata rana da azahar na dawo, tana yanka kuɓewa a inuwar rumfa, ta ce, "Yau me Modibbo ya aiko?"

"Ya ce a gaida Malam Goni."

Ta ajiye wuƙar.

"Malam Goni? Modibbo ne da bakinsa ya ce Malam Goni?"

"Shi ne, Inna."

"To lallai an ɓata. Mutumin da ko ranar jana'izar ubanka sai da ya ce masa bawa ya matsa ya ba iyayengiji wuri, shi kuma ya ce ai Fulata ba ya cin wuri, ko a kan tsinke ya zauna. Ina daga ciki ina kuka, na ji su, sai da na yi dariya. Wa ya fara wannan ladabin a cikinsu?"

Na ce ban sani ba.

Daga ranar nan na san abin da na yi. Kowannensu ya miƙa hannu irin yadda ya saba miƙawa shekara talatin, ni na tsaya a tsakiya na mayar masa da gaisuwar baƙo. Kowanne ya ɗauka ɗayan ne ya ja baya saboda maganar hannu, kuma kowanne yana da girman da ba zai tambayi dalili ba. Har ma hujjar da kowa ya ce yana da ita na share. Babu wanda ya san an gayyace shi muhawara.

Sanin bai fitar da ni ba. Saƙo amana ne, kuma wanda ya taɓa maganar muƙaddaminsa ya san sunan abin da ya yi. In na faɗa a Dubeli, matasa za su ce ashe Yola ta zage mu, ɗan rediyo ya ɓoye. In na faɗa a Yola, za a ce ɗan telan nan ya mayar da Modibbo abin gyara. Kowane mako na ce sai mako mai zuwa, kowane mako kuma abin da zan faɗa yana ƙara tsawo. Abin da ya fi ci mini rai shi ne godiya. Modibbo yakan ce, "Kai kaɗai ka rage mana a tsakani." Goni yakan sa a ƙunsa mini banda in kai gida, ya ce, "Ba don kai ba, da ko gaisuwa ta yanke."

Sau ɗaya na yi niyyar gyarawa ta hanyar da na ɓata. Na shirya a kan babur cewa zan ce wa Goni, Modibbo ya ce a gaida bawansa. Na isa rumfar, na buɗe baki, kalmar ta ƙi fita. Ni Bakano ne, ba ni da rabo a wasan nan. Kuma bayan wata da watanni na ladabi, ban san yadda za ta sauka ba, ko wasa ko mari. Na ce, "Yana gaisuwa." Ya ce, "Muna amsawa."

Har sallata ta shiga ciki. A masallacin Dubeli nakan ɗora hannu a ƙirji, don kada a ce ɗan aiken Yola ne. Ran Juma'a a zawiya nakan saki, don kada a ce na bi Barebari. Akwai ranar da na yi kabbara a ɗakina, ni kaɗai, hannuwana suka tsaya a iska, ban san inda zan kai su ba.

Da zafin bazara ya kama, irin wanda ke sa kasuwar Jimeta ta yi tsit da rana, Goni ya aika a kira ni. Ya sallami waɗanda ke rumfar, ya gyara zama.

"Malam mai labarai, ka isar wa Modibbo gaisuwa ta girmamawa. Mutanen Dubeli sun ga tafiyar tana yi musu nisa, za mu riƙa zikirin Juma'a a nan. In ba zai zama damuwa ba, muna roƙon farin ƙyallen, saboda albarkarsa."

Na rubuta. Na bi shi layi-layi ina neman abin da zan cire. Babu. Saƙo ne mai tsabta, irin wanda da a Kaduna ne za a yaba wa wanda ya tsara shi. Kuma ma'anarsa ɗaya ce: daga ranar da ƙyallen ya ƙetare zuwa Jimeta, mun zama jama'a biyu.

Kwana uku ina shiga Yola ina fita ban biya ta ƙofar Modibbo ba. Ran Alhamis da safe na je na faɗa masa, kamar yadda aka faɗa mini. Bai kira kowa ba. Ya tashi da kansa ya shiga gida, ya fito da ƙyallen. Ninkin ya karkace, irin na mutum ɗaya.

"Ka ce wa Malam Goni Allah ya sa albarka."

Na ɗaure shi a bayan babur na kama hanya. Da na iso tsamiya na tsaya, ba don na yi niyya ba, sai don ƙafata ta saba taka birki a wurin. Iska ta buɗe gefen ƙyallen, na ga ɗinkin mahaifina, ƙanana, a jere, babu wanda ya fi wani. Na ciro littafina na buɗe shafin farkon damina. Jan layin bai rufe rubutun ba. Komai yana nan a ƙarƙashinsa, ana iya karantawa. Na juya babur.

Modibbo yana zaure shi kaɗai. Ya dubi ƙyallen a hannuna, ya dube ni.

"Barkama, ranka ya daɗe," na ce, "akwai saƙonnin da ban kawo ba."

Na karanta masa na Goni na farko, gaba ɗayansa, da muryar karanta labarai, don ba ni da wata. Da na zo kan ƙwaryar nono, kafaɗunsa suka motsa, dariya ta kusa fita, sai ta tsaya.

"Yaushe ya faɗi wannan?"

"Farkon damina."

"Ni me ka kawo mini?"

Na faɗa.

"Nawa fa? Me ka kai masa?"

Na karanta abin da ya faɗa, na karanta abin da na isar. Ya ajiye carbinsa. Ina jin tattabaru a cikin gida.

"Wa ya sa ka?"

"Babu kowa. Na ji tsoron fitina."

"Ka ji tsoro, sai ka ɗauke mini ɗan'uwa ka kawo mini baƙo." Bai ɗaga murya ba. "Tun damina nake zaune a nan ina tsammanin ya yanke ni saboda ya je Kano ya ga malamai. Da zaginsa ya iso, da na san yana nan. Ni da shi ba mu yarda da juna a kan hannu ba, wataƙila har mu mutu ba za mu yarda ba. Wannan namu ne, mun san yadda za mu ɗauke shi. Kai me ya kai ka ciki?"

Ya miƙo hannu.

"Ba ni jan abin nan."

Na miƙa masa fensirin. Ya ɗaga gefen buzunsa ya tura shi ƙarƙashi.

"Yanzu rubuta. Ka je rumfarsa, ba gida ba, lokacin da mutane suka taru. Ka fara da faɗin abin da ka yi, da bakinka. Sannan ka ce, in ji ubangidanka: tun yaushe bawa ya mallaki ƙyalle? Shi da ƙyallen da kanwar duk nawa ne. Ga shi nan na aiko masa ya ɗauko mini gobe, don ɗaukar kaya aikinsa ne. Ya zo da littattafansa uku, ya zo da ƙafarsa mai tsutsa. Karanta in ji."

Na karanta.

"Haka za ka faɗa. Ko tari na yi, ka yi shi."

Bayan la'asar, da rana ta yi sanyi kasuwa ta sake cika, na tsaya gaban rumfar Goni da ƙyalle a hannu. Akwai matasa biyar ko shida, da masu ciniki, da maƙwabtan rumfa. Na taɓa karanta labarin mutuwar manya a rediyo muryata ba ta girgiza ba. A nan sai da na sake farawa sau biyu. Na faɗi abin da na yi, na karanta saƙon farkon damina kamar yadda aka ba ni shi, sannan na karanta na ranar.

Wani saurayi mai sayar da yadi ya miƙe.

"Wa yake ce wa bawa? Mu za a aiko wa…"

"Zauna, kai," in ji Goni, bai ko dube shi ba. "Ba da kai ake ba. Ubanka ma bai isa wannan maganar ba."

Ya ja jelar rawaninsa ya rufe fuska. Ya daɗe a haka, har mai ciniki ɗaya ya ajiye bandar da ya zaɓa ya tafi. Da ya buɗe, idonsa ja.

"Sake faɗa. Wurin tsutsar."

Na sake.

"Ta rasa nama," ya ce a hankali. "Shi da ko ƙuda ba ya samun abin ci a jikinsa." Sannan ya juyo gare ni, fuskar ta canza. "Kai ɗan rediyo, ina kwance da ƙafa ɗaya ina ta lissafin me na yi wa tsohon nan. Kana shigowa kana durƙusawa, kana karɓar bandata."

Ya miƙa hannu ya karɓi ƙyallen, ya ɗora a kan buhun kanwa.

Na ce, "Wane saƙo zan kai?"

"Babu. Kai ko gaisuwa ba zan ƙara ba ka ba."

Saboda haka na kwana ban sani ba. Ƙyallen yana Jimeta, a hannun wanda ya roƙe shi, kuma an riga an share filin da za a yi zikiri a Dubeli.

Ran Juma'a ban jira mota ba, na tafi a babur. Aka yi la'asar, aka zauna. Modibbo bai dubi hanya ba ko sau ɗaya, amma bai ba da izinin a fara ba. Dattawan Yola suna ta gyaran murya. Can muka ji ƙarar injin.

Motar ba ta cika ba. Saurayin nan mai yadi da wasu abokansa ba su zo ba, kuma ba su ƙara zuwa ba har abada. Sun yi zikirinsu a filin da suka share, daga baya suka gina masallacinsu. Wannan yana cikin abin da watannin nan suka ci, kuma ban taɓa iya cire kaina daga lissafinsa ba. Amma Goni ya sauko, ƙyalle a kansa kamar ɗan dako, littattafai uku a hammata.

"Ga bawana," in ji Modibbo. "An ce tsutsar ta gudu. Ta gaji da wari."

"Fulata, kana nan? Na ɗauka iskar bazara ta kai ka Garwa."

Ranar nan zikiri bai yi tsawo ba, don sun buɗe littattafan. Ba wasa suka yi ba. Goni ya karanta, Modibbo ya ce ai wannan ruwayar an yi magana a kanta. Modibbo ya kawo aikin mutanen Madina, Goni ya buga hannu a kan shafi har ƙura ta tashi. Sau biyu na ga jijiyar wuyan Modibbo ta miƙe. Duk abin da na ji tsoron mutane su ji, sun ji shi da kunnensu, suna zaune, babu wanda ya riƙe rigar wani. Ladan ya kira magariba ba wanda ya kayar da wani. Haka suka ci gaba shekaru, duk lokacin da ɗaya ya samo sabon littafi.

Aka tayar da sallah. Modibbo a gaba, hannuwa a sake. Goni a bayansa, hannuwa a ƙirji. Ni kuma na sami kaina a sahu na biyu, wani dattijon Yola a damana, wani maƙwabcina na Dubeli a haguna, mutumin da ya shafe watanni yana ganina ina kabalu. Aka yi kabbara. Ban san hujjar kowa da kyau ba. Na san yadda mahaifina ya tsayar da ni a gefensa ya koya mini. Na saki hannuwana.

Bayan sallama maƙwabcin ya matso.

"Ashe kai sadalu kake yi?"

"E."

"Tun yaushe?"

"Tun ina yaro."

"To, a Dubeli fa?"

"Tsoronku nake ji."

Ya dube ni, ya girgiza kai. "Za mu yi magana a mota."

"A babur na zo."

"To gobe. Ina da littafi."

Aka yi wazifa, aka shimfiɗa ƙyalle, aka shafa addu'a. Modibbo ya kama gefe, Goni ya kama gefe. Goni ya ce ninkin da aka aiko masa da shi ko makaho ba zai yi ba. Modibbo ya ce ai ba aikin iyayengiji ba ne.

Ran Litinin na biya gaisuwa kamar kullum. Modibbo ya amsa, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi aiki. Yana da saƙo zuwa Jimeta. Ya sa aka kira direban motar kayan, wanda ya shigo Yola sauke gishiri, mutumin da bai iya rubutu ba, ya faɗa masa a gabana, da bawa da tsutsa da komai. Direban ya tafi yana dariya yana maimaitawa. Daga ranar har Modibbo ya bar duniya ina zuwa ina zama a da'irarsa, bai ƙara aikena ko'ina ba. Fensirin ma bai mayar mini ba, ni kuma ban tambaya ba.